Harshen ƙasa ko harshen kasa?

A watan Maris na shekarar 2025 ne kundin sabunta ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wasu sun yi murna, wasu sun yi gunaguni, kuma mafi yawan muhawarar a cikin wayar salula aka yi ta. Duk wanda ya bi saƙonnin da aka yi ta musanya a lokacin zai lura da abu guda da ya haɗa masu murna da masu gunaguni: da yawa daga cikinsu “harshen kasa” suka rubuta. To, kasa dai macijiya ce, mai kauri, mai dafi, wadda aka sani da nauyin barci. Kasa kuma ita ce gazawa, kamar yadda ake cewa yaro ya kasa cin jarrabawa. Ko wace ma'ana mutum ya ɗauka a cikin biyun, ba ita kundin yake nufi ba. Ƙugiya ɗaya tak, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ita ce ta raba ƙasarmu da macijiya, kuma wannan ƙugiyar ce muke yarwa dare da rana, mu da muke kiran kanmu malamai da masu kishin al'ada.

Ƴan uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, maganata a nan guda ce. Shekara da shekaru muna ɗora wa na'ura laifin ɓacewar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ daga rubutunmu. A da, zargin yana da tushe. Yau ba shi da shi. Na'ura ta riga ta biya bashinta, saura namu, kuma duk malamin da ke rubuta Hausa babu ƙugiya a wannan zamani ya sani zaɓa ya yi, ba tilasta masa aka yi ba.

Bari mu fara da tuna inda waɗannan baƙaƙe suka fito, domin wanda bai san wahalar da aka sha wajen haƙa rijiya ba shi ne ke wasa da ruwanta. Malamanmu na ajami sun ji bambancin sautukan nan tun kafin Bature ya zo: sun ware harafin ƙaf ga sautin da ke farkon “ƙasa”, suka bar kaf ga wanda ke farkon “kasuwa”, sun ware ɗa ga “ɗaki”, suka bar dal ga “dare”. Da aka fara rubuta Hausa da boko, sai aka yi ta lalube: wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a gabansa. A shekarun 1930 ne masu aikin talifi a Zariya suka tsaya a kan baƙaƙe masu ƙugiya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta kai su gida gida. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita abajadar Hausa da Fulatanci da Barebari da Zabarmanci da Buzanci da harsunan Mande. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1978 aka yi wani taron a nan Yamai a kan abajadar harsunan Afirka. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, kuma a cikinsa ƴ mai ƙugiya take, inda ƴan uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y da waƙafi. Mutane sun yi tafiye-tafiye, sun yi gardama, sun yi zufa a kan waɗannan ƴan alamomi. Gado ne, kuma gadon da aka rubuta a dokar ƙasa.

Gaskiya ne cewa na'ura ta daɗe tana yi mana rowa. Keken rubutun da aka kawo ofisoshinmu an ƙera shi ne domin Faransanci. Tsofaffin sakatarori da ma'aikatan yaƙi da jahilci suna tune da yadda ake buga shafi gaba ɗaya, sa'an nan a ɗauki alƙalami a bi layi layi ana ɗora wa kowane k da d da b ƙugiyarsa da hannu, har ido ya yi ja. Da kwamfuta ta shigo a shekarun 1990, sai aka shiga wata wahalar: kowace ma'aikata da irin zanen haruffanta na musamman, inda aka cire wata alamar da ba a bukata aka dasa ƙ a gurbinta. Muddin takarda na cikin kwamfutar da aka buga ta, lafiya lau. Da zarar an kai ta wata, sai ƙugiyoyi su rikiɗe su zama akwatuna da alamun tambaya, aikin wata guda ya koma tarkace. Wanda ya ga haka sau biyu ko uku, ba a ga laifinsa ba in ya yi fushi ya koma k tsirara.

Wayar salula ma da nata zaluncin ta zo. Tun da Celtel ta fara aiki a ƙasar nan a 2001, gajeren saƙon nan na SMS ya zama wasiƙar talaka. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160, amma da sharaɗin haruffan su kasance cikin ɗan jerin da injiniyoyin Turai suka tsara wa wayoyin. A cikin jerin akwai é da è da à da ù na Faransanci, akwai ñ ta Sifaniyanci, akwai ß ta Jamusanci. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Duk wanda ya sa harafi ɗaya da ba ya cikin jerin, sai wayar ta sauya tsari, saƙon ya ragu zuwa harafi 70. Wato ko da wayarka ta iya fitar da ƙugiya, wanda galibin wayoyin lokacin ba su iya ba, ƙugiya ɗaya na iya mai da saƙo guda ya zama biyu ko uku a wajen biya. Bafaranshe ya rubuta aksan ɗinsa kyauta, Bahaushe kuwa sai ya biya wa ƙugiyarsa haraji. A kan wannan zamani ban da abin cewa ga talakan da ya tsimi dalarsa.

Amma wannan zamani ya wuce, kuma nan ne gardamata take. Tun farkon shekarun 1990 aka kafa wani babban kundi na duniya mai suna Yunikod, inda kowane harafi na kowane harshe ke da lambarsa guda wadda ba ta sauyawa daga na'ura zuwa na'ura. Baƙaƙenmu huɗu suna ciki tun farkon tafiyar, manya da ƙanana: ɓ tana da lamba 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ kuma 01B4. Wayoyin zamani da kwamfutocin zamani duka da wannan kundi suke aiki. Saƙon WhatsApp ba a lissafa kuɗinsa da irin harafin da ke ciki. A wayoyin Android, allon madannai na Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa. Mutum ya shiga wajen saiti, ya ƙara ta, shi ke nan ƙugiyoyi sun zo ƙarƙashin yatsansa. Windows ma tana da allon madannai na Hausa. Google ta sa Hausa cikin na'urarta ta fassara a 2013, Facebook kuma ya buɗe shafinsa da Hausa a 2016. Aikin da ke tsakanin malami da ƙugiya yau bai kai tsawon lokacin da ake ɗauka a dafa shayin farko ba. Duk da haka, malamin da ya iya sauko da wasan ƙwallo da fim da waƙa a wayarsa, wanda ya iya aika kuɗi ga iyalinsa a ƙauye ta waya, shi ne zai dube ka ya ce “wayata ba ta da ita”. Tana da ita, mushe. Ba ka nema ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ma'auni biyu da muke riƙe da su. Ni Faransanci nake koyarwa da Hausa, kuma na san yadda muke gyaran dikte. Yaron da ya rubuta “a” inda ya kamata ya rubuta “à”, jan bik ne hukuncinsa. Wanda ya rubuta “ou” a gurbin “où”, a rage masa maki, a ja masa kunne, a ce bai san bambancin “ko” da “ina” ba. Ku dubi allon madannai na AZERTY da ke kan teburin kowane ofishi: harafin ù yana da gurbinsa, alhali a duk faɗin Faransanci kalma ɗaya ce rak ke amfani da shi, wato wannan “où” ɗin. Kalma ɗaya ta samu madanni nata na kanta. Ba su ma tsaya nan ba: a 2016 ma'aikatar al'adu ta Faransa ta koka cewa allon nasu ba ya barin mutum ya rubuta Faransanci daidai, musamman manyan haruffa masu aksan, kuma a 2019 hukumarsu ta daidaita ma'auni ta fitar da sabon tsari. Ƙasa mai ƙarfin masana'antu ta ɗauki maganar ɗigo a kan harafi a matsayin aikin hukuma. Mu kuwa, masu dubban kalmomi da ke ɗauke da ƙugiya, mun ce ƙaramin abu ne. Malamin da ya tashi daga gyaran dikte, hannunsa duk jan tawada saboda aksan ɗin wasu, shi ne zai ɗauki waya ya rubuta wa abokan aikinsa “ina gaida yan uwa, Allah ya kara hakuri”. Wannan ba rashin sani ba ne, domin ya sani. Raini ne, kuma rainin gida ya fi na waje ciwo.

Akwai cuta ta biyu wadda ta fi kama mu mutanen Nijar, ita ce rubuta Hausa da rigar Faransanci. “Sannou da aiki.” “Mouna lahiya.” “Ina tchin touwo.” “Hadjia ta tahi Maradi.” Kada a yi mini mummunar fahimta: ban da faɗa da “lahiya” ko “tahi”, domin haka Ba'adare da Bagobiri da Ba'are ke faɗa, kuma karin harshe arziki ne. Faɗana da “ou” da “tch” da “dj” ne, waɗanda ba karin kowane gari ba ne, aro ne daga abajadar da aka ƙera domin wani baki daban. Ƙudurin 1999 ya ce u, ya ce c, ya ce j. Harafi ɗaya a gurbin biyu ko uku. Mai cewa yana yar da ƙugiya ne saboda sauri, shi ne kuma ke buga haruffa uku inda ɗaya ya isa. Ashe dai ba saurin ba ne. Mun gaji Maradi da Konni da Doutchi da Tessaoua daga taswirar ƴan mulkin mallaka, kuma a cikin rubutun Faransanci ba wanda zai hana su zama haka. Amma a cikin jimlar Hausa sunan garin Maraɗi ne, da Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Tasawa. Ɗan Maraɗin da ya kasa rubuta sunan garinsu da harshen garinsu, me zai koya wa yaro game da asali?

Na san amsoshin da ake bayarwa, domin na sha jin su a ɗakin malamai. Ta farko ita ce: ai ana ganewa. Wani lokaci ana ganewa, wani lokaci kuma ba a ganewa. “Sarki yana fada”: yana zaune a fadarsa ne, ko kuwa yana faɗa? “Kura ta tashi a bayan gari”: a rufe taga ne, ko a shigar da awaki? “A kawo koko”: na sha, ko ƙoƙon da za a sha da shi? “An ce a daure”: haƙuri ake nema, ko igiya? Baƙo ya zama bako, baƙi su zama baki, ƙarya ta koma karya, ɓari ya koma bari, saƙa ta koma saka. Na yarda cewa babban mutum wanda ya tashi da Hausa a bakinsa zai iya cike giɓin daga abin da ke gaba da baya. Amma ba dominsa aka yi ƙa'idar rubutu ba. An yi ta ne domin yarinya ƴar aji biyu da ke haɗa baƙi da wasali da yatsa a kan layi, da dattijon da ya shiga ajin yaƙi da jahilci bayan ya haura hamsin, da ɗan Tilaberi ko Difa ko Agadas wanda Hausa ba ita ya sha a nono ba, kuma yanzu aka ce masa harshen ƙasa ce. Waɗannan ba su da abin cike giɓi. Abin da suka gani a rubuce shi za su furta, shi za su haddace. In muna son sauran ƴan ƙasa su karɓi Hausa da daɗin rai, mafi ƙanƙantar ladabi shi ne mu miƙa musu ita a rubuce daidai.

Amsa ta biyu ta fi wayo. Ana cewa: ai dama rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, kuma ba wanda ya mutu, to, mene ne na ɗaga murya a kan ƙugiya? Wannan hujja a kan mai kawo ta take faɗuwa. Daidai ne, muna rubuta “fari” ga launi, da “fari” ga rashin ruwan sama, da “fari” ga jam'in fara mai cin amfanin gona. Mai karatu ya riga ya ɗauki wannan kaya a kansa. Wato rubutun namu an riga an rage masa duk abin da za a iya ragewa, an bar ginshiƙan da ɗaki ba ya tsayuwa sai da su. Ku ɗauki “kara”: da ƙa'ida ma tana iya zama karan dawa, ko karar da ake yi wa baƙo. A cire ƙugiya kuma, sai ƙari ya shigo, ƙarar da ake kai wa alƙali ta shigo, ƙarar mota ta shigo. Jakin da aka riga aka yi wa lodi ba a cewa tun da ya jure, a ƙara masa buhu. Bayan haka, ƙ da k sautuka biyu ne mabambanta a bakin kowane Bahaushe, kamar yadda p da b suke a bakin Bafaranshe. Wa zai yarda a rubuta “pain” da “bain” da harafi guda a ce ai ana ganewa?

Amsa ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Ana cewa: malam, ga azuzuwan zana da damina ke tayarwa, ga yara sun fi littafi yawa, ga kuran na ɗaukewa, ga malaman kwantaragi na jiran albashi, kai kuma ƙugiya ce damuwarka? Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ke riƙe da alli ya san shi a jikinsa. Sai dai ku lura da bambanci guda. Gina aji yana son siminti da kasafin kuɗi da sa hannun magabata. Buga littafi yana son takarda da maɗaba'a. Ƙugiya kuwa ba ta son ko dala. A cikin dukan matsalolin makarantarmu, ita kaɗai ce wadda maganinta ke cikin aljihun kowane malami, wadda ba sai an jira minista ko mai ba da tallafi daga waje ba. Wanda ya kasa yin gyaran da ba ya cin kuɗi, da wane baki zai nemi a yi wanda ke cin miliyoyi? Kuma in littafi ya yi ƙaranci, to, ina yaro yake ganin Hausa a rubuce? A wayar yayansa, a allon shago, a jikin mota, a ƙasan hoton talabijin. Waɗannan su ne littafin karatunsa na yau da kullum, ko muna so ko ba mu so. Awa biyu ko uku da malami ke yi yana koya masa ƙ a allo ba za su rinjayi sauran mako da yake ganin k tsirara ko'ina ba.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu tsine wa waya, masu cewa ita ta lalata yara. Akasin haka ma aka gani a ƙasar nan. A 2009 da 2010 an gudanar da wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, inda aka haɗa karatun manya na Hausa da Zabarmanci da koyon amfani da wayar salula. Binciken da Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta Amurka da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa waɗanda suka koyi aika saƙo sun fi takwarorinsu ci gaba a rubutu da lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ke rubuta wa ɗansa da ke ci-rani saƙo, ko yake tambayar farashin gero a kasuwar gaba, yana bitar darasinsa ba tare da an sa shi ba. Waya allo ce da ba ta rabuwa da mai ita. Tun da haka ne, abin da ake rubutawa a wannan allo ya zama ruwanmu. Tun 2013 da WhatsApp ya kawo saƙon murya, mutane da yawa sun samu hanyar kauce wa rubutu gaba ɗaya. Wannan sauƙi ne ga wanda bai yi karatu ba, kuma ba mai hana shi. Amma ga mai ilimi, ɗan rubutun da ya rage yana yi ya ƙara daraja, ya kamata ya fito da kyau.

Akwai kuma wani ɗalibi da ke karanta mu wanda ba mu lura da shi ba. Na'urorin fassara, da masu gyara kalma kafin ka gama bugawa, da waɗanda ake yi wa tambaya su ba da amsa, duka daga rubutun da mutane suka zuba a intanet suke koyon harshe. Ba su da kaka da za ta gyara musu furuci. In sun tarar da “kasa” sau dubu a inda ake nufin “ƙasa”, za su ɗauka haka kalmar take, kuma gobe su ne za su riƙa gyara wa ƴaƴanmu rubutu, su cire ƙugiyar da yaro ya sa daidai. A da mun ce na'ura ce ta hana mu rubuta harshenmu. In muka ci gaba a haka, mu ne za mu koya wa na'ura kuskuren, ita kuma ta mayar mana da shi da ƙarfin da ba mu da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan magana ba ta Hausawa kaɗai ba ce, kuma ina so ƙungiyoyinmu su riƙe wannan da kyau. Dokar 2001 ta amince da harsunan gida goma. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da ƴ kamar mu, ga kuma ŋ. Zabarmanci yana da ŋ da ɲ da wasula masu fita ta hanci. Barebari da Buzaye suna da ǝ. Kowanensu ya sha irin wahalar da muka sha da keken rubutu da wayar farko, wasu ma fiye da mu. In harshen da ya fi yawan masu magana, wanda aka bai wa matsayin harshen ƙasa, ya nuna cewa haruffansa na musamman abin yarwa ne, wane fata ya rage wa sauran? In kuwa muka tsaya a kan namu, mun buɗe ƙofar da kowa zai bi.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ban nemi abin da ya fi ƙarfinmu ba. Kowane malami, na Hausa ne ko na lissafi, ya sa allon madannai na Hausa a wayarsa kafin ya kwanta yau. Darasin farko na shekara a ajin Hausa na kwaleji da lise ya haɗa da nuna wa ɗalibai yadda ake yi, su kuma su kai gida. Makarantun horon malamai su sa wannan cikin abin da ake koya wa sabon malami kafin a tura shi daji. A wajen gyaran takarda, ƙugiyar da ta ɓace ta ci hukuncin da aksan ɗin da ya ɓace ke ci, ba ƙari ba ragi. Ƙungiyoyin al'adu da ƴan wasan kwaikwayo su daina karɓar ƙyallen sanarwa ko takardar gayyata daga maɗaba'a in an yar da ƙugiya. Mai buga takarda ɗan kasuwa ne, ranar da aka mayar masa da aiki sau ɗaya zai nemo harafin da kansa. A je wajen samarin da ke gyaran waya da masu caji a bakin kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda su ne ke saita wa jama'a sabuwar waya, a nuna musu. Mutum ɗaya daga cikinsu zai isar da abin ga mutanen da malami goma ba za su gani ba. Gidajen talabijin su dubi rubutun da suke sakawa a ƙasan hoto lokacin labarun Hausa. Hukuma kuma, tun da ita ta ba harshen matsayi, ta tabbatar cewa duk takardar da ta fito daga ofishinta da Hausa ta bi ƙudurin da ita kanta ta sa wa hannu a 1999, kuma duk kwamfutar da aka saya da kuɗin jama'a ta iso da harsunan gida a cikinta.

Na san za a ce na cika tsanani, a ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. To, kiɗan ya sauya kam, amma a wannan karon wajenmu ya karkato: abin da tsofaffin sakatarori ke yi da alƙalami har dare ya raba, yau yatsa ɗaya ke yin sa. Su da ba su da kayan aiki sun riƙe ƙugiya, don haka ba mu da ta cewa in ta faɗi a hannunmu. Doka na iya kiran harshe da kowane suna mai girma, amma darajarsa ta yau da gobe tana wajen masu rubuta shi. Duk malamin da ya karanta wannan shafi, wayarsa na kusa da shi. Ya ɗauko ta, ya buɗe saƙon ƙarshe da ya aika da Hausa, ya ƙirga ƙugiyoyin da suka ɓace a ciki.